Na⁺ da Niyon: Tsari Ɗaya, Sinadari Daban

'Yan SLT da duk mai ɗaukar kemistiri, ga wani wuri da ake yawan zubar da maki a jarrabawa. Sodiyam na da ilektiron 11: 1s² 2s² 2p⁶ 3s¹. Da ya saki na 3s ɗin, sai ya koma Na⁺ mai ilektiron 10, tsarinsa daidai da na niyon. Kulorin mai 17 kuwa karɓar ɗaya yake yi, ya zama Cl⁻ mai 18, irin na agon. Niyon da agon nobul gas ne, 'yan rukuni na 18, waɗanda zagayensu na waje a cike yake.

To amma fa kar ka rubuta cewa Na⁺ ya zama niyon. Yawan furoton ke tantance sinadari. Na⁺ na da 11, niyon 10, shi ya sa Na⁺ ke ɗauke da caji +1.

Kuma ba kowane ayon ke samun tsarin nobul gas ba. Ƙarfe, wato Fe, [Ar] 3d⁶ 4s² ne. Fe²⁺ kuwa [Ar] 3d⁶, domin daga 4s ake fara cire ilektiron. Duk wanda ya rubuta [Ar] 3d⁴ 4s², jan biro ne rabonsa.