Ganin likitan alerji: ƙwayar jiya na iya ɓata awon yau

Mu da muke wuni cikin kasuwa mun san abin. Da an kwance buhun gero ko na barkono, sai atishawa, ido ya yi ja. Wata kuma borin jini ne ke taso mata in ta sa baƙin lalle ko ta ci gyaɗa. In hunturu ya kama, masu fuka ba su samun barci. Wannan ne likitoci ke ce ma alerji, wato jiki ya riƙa faɗa da abin da ba ya cutar da sauran mutane.

In aka ba mu randebu wurin ƙwararren likita, sau da yawa sai an rufe rumfa an hau mota. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Babbar hasara ita ce a isa, a ce a koma a dawo wani mako.

Ga abin da ke jawo haka. Wajen awo, likita yana ɗiga ruwan abubuwan da yake zargi a bisa fatar hannu, ya ɗan taɓa wurin da tsinin allura, ya jira minti 15 zuwa 20. Inda ya kumbura kamar cizon sauro, ya samu alama. To amma magungunan ƙaiƙayi da atishawa, irin su Polaramine, cetirizine da loratadine, suna hana wannan kumburin, sai awo ya fito kamar lafiya lau. Haka ma wasu magungunan mura, da Periactine da danginsa waɗanda wasu mata ke sha don buɗe ciki da ƙiba. Galibi ana dakatar da su kwana 5 zuwa 7 kafin awo, don haka mu tambaya tun ranar da aka ba mu randebu. Maganin fuka na shaƙa kuwa, da duk wani magani na kullum, kada a bari sai likita ya ce. Wanda ba ya iya dakatarwa, akwai awon jini.

Ran tafiya, kada a shafa mai ko turare a hannu, a sa riga mai sauƙin naɗe hannu. A ɗauki karnen asibiti da kwalayen duk abin da ake sha, har na gargajiya da na masu talla. In kurji ya fito, a ɗauki hotonsa da salula, don yana iya ɓacewa kafin ranar. Yaro ya rubuta mana: me muka ci, me muka taɓa, bayan minti nawa abin ya tashi, kuma yana lafawa ranar da ba mu fita kasuwa ba?

Amma in leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, babu jiran randebu. Asibiti mafi kusa, nan take.

Allah ya ba mu lafiya da ciniki mai albarka.