Rage Nauyin Shafin Intanet Ba Tare da Zubar da Haruffa Masu Lanƙwasa Ba

Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi, saboda haka kamfanoni irin su Cloudflare suke ajiye kwafin shafi a na'urorin da ke kusa da mai karatu. Sai dai kusanci tazara yake ragewa, nauyi yana nan. Dole tun wajen haɗa shafin a cire umarnin JavaScript marasa amfani, a matse sauran da Brotli, a kuma taƙaita fayilolin haruffa. Taƙaitawar nan tana da haɗari ga Hausa, domin ɓ, ɗ da ƙ ba sa cikin rukunin Latin na asali, kuma takan yar da su. Wajibi ne mai haɗa shafin ya saka su da gangan.