Injiniya, Sabis Ya Ɗauke

A kusan kowace ma'aikata a Kano ko Kaduna ko Abuja, banki ne ko asibiti ko kamfanin sayar da taki, akwai mutum guda da kowa ya ajiye lambar wayarsa. Ko ya karanci injiniyanci ko bai karanta ba, Injiniya ake ce masa. Ɗakinsa yawanci ɗan ƙarami ne a can ƙurya, cike da tsofaffin kwamfutoci da kwalaye da naɗin kebul. Da intanet ta ɗauke, ko imel ya ƙi buɗuwa, ko firinta ta yi gardama, sai ka ji ana cigiyarsa daga wannan ofis zuwa wancan.

Aikinsa daga kwalin kebul yake farawa, irin wanda ake kira Cat6, mai tsawon mita 305. A shagunan titin Beirut a Kano yake saye, ko ya aika a kawo masa daga Computer Village ta Ikeja a Legas. A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi 8, an murɗa su bibbiyu, kowace da launinta. Zai fere bawon, ya warware su, ya jera su bisa ƙa'idar da ya haddace, daga fari mai ratsin ruwan lemo har zuwa ruwan ƙasa, sannan ya tura su cikin ɗan kan roba mai suna RJ45 ya matse da filaya ta musamman. Idan ya jona na'urar gwaji fitilu takwas suka kama ɗaya bayan ɗaya, aiki ya yi kyau. Guda ta ƙi kamawa, sai ya yanke ya sake. Ba ya barin kebul ɗaya ya wuce mita 100, domin bayan nan saƙo raunana yake yi.

Tun a kasuwa ake gane gwani. Akwai kebul na jabu da aka yi da alminiyum aka lulluɓe da jan ƙarfe sama-sama. Yana da araha, amma saurin karyewa gare shi. Wanda ya daɗe a sana'ar yakan kankare waya ɗaya da bakin wuƙa a gaban mai shago. In fari ya bayyana, ya ajiye kwalin ya yi gaba.

Duk kebul ɗin ofis suna haɗuwa ne a wani akwatin ƙarfe da ke maƙale a bango, inda rauta take, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, sau da yawa ƙirar MikroTik ko TP-Link. Daga nan sai abin da ya fi ƙarfinsa. Intanet ɗin da ake amfani da ita a Kano, galibinta ta ƙarƙashin teku take shigowa Legas, ta manyan wayoyi irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, sannan ta biyo wayar gilashi da aka binne a gefen titi har Arewa. Motar gyaran hanya na iya tsinke ta a ko'ina. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku da dama suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a faɗin Afirka ta Yamma suka shiga matsala. Babu abin da injiniyan ofis zai iya yi wa wayar da ke ƙasan teku, amma shi aka riƙa yi wa tambaya. Shi ya sa mai dabara ba ya dogara da layi ɗaya. Yakan tanadi na biyu, ko ƙaramar na'ura mai ɗaukar layin MTN ko Airtel, ko farantin Starlink da ya shigo Najeriya a farkon 2023, ya saita rauta ta koma can da kanta in na farko ya faɗi.

Sauran abokan gabarsa na gida ne. Ɓera na cin kebul a cikin silin. Ƙurar hunturu na toshe fankar kwamfuta har ta yi zafi ta mutu. Tsawar damina na iya ƙone kayan akwati gaba ɗaya a dare guda. Ga kuma wuta, wadda ta mai da shi rabin mai gyaran lantarki: dole ya san batir da inbata da sola, ya san abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta.

Idan aka kira shi, daga ƙasa yake faro bincike. Akwai wuta? Kebul na jone? Fitilar rauta kore ce ko ja? Mutum ɗaya ne abin ya shafa ko kowa? Sau da yawa matsalar ba ta taka kara ta karya ba, ƙafar wani ce ta zare kebul a ƙarƙashin tebur. Abin da ke burge ni ga nagarinsu shi ne ba sa kunyata mutum. Zai durƙusa ya mayar, ya miƙe ya ce, "Hajiya, ki gwada yanzu mu gani." Ya san wanda aka yi wa dariya yau, gobe in ya danna abin da bai kamata ba, ɓoyewa zai yi.

Kullen korona na 2020 ya ƙara masa wani sabon nauyi, wato haɗa wanda ke gida da ofis. Yana yin haka da VPN, wata rufaffiyar hanya da ake buɗewa ta cikin intanet, ta yadda akanta zai zauna a falonsa ya shiga takardun ofis ba tare da wani ya leƙa ba. Da manhajoji irin su AnyDesk da TeamViewer kuma yana gyara kwamfutar da ke Sakkwato yana zaune a Kaduna. Mai ita na kallon kibiya na yawo a allo da kanta. To amma 'yan damfara ma da waɗannan manhajojin suke shiga. Don haka yake nanata wa ma'aikata cewa kada a karanta wa kowa lambar shiga sai an ji muryarsa an tabbatar shi ne.

A wajen imel ne aikin ya fi nauyi, domin nan kuɗi ke zurarewa. Saƙo zai zo da tambarin Microsoft, wai akwatinka ya cika ko za a rufe shi, ka danna nan ka sa kalmar sirri. Da irin wannan aka yaudari shugaban sashen kuɗi na kamfanin Unatrac, mai dillancin injinan Caterpillar, a 2018. 'Yan damfarar suka shiga akwatinsa, suka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa, har kusan dala miliyan 11 ta salwanta. Kotun Amurka ta ɗaure ɗan Najeriya Obinwanne Okeke shekara 10 kan wannan a 2021. Ƙaramin kamfani ma haka ake yi masa: saƙo daga "mai kawo kaya" cewa ya canza lambar asusu, adireshin ya yi kama da na gaske in ban da harafi ɗaya.

Maganin da injiniya ke bayarwa ba mai tsada ba ne. Yana kunna tabbaci mai mataki biyu, ta yadda ko an sace kalmar sirri sai da lambar da ke zuwa wayar mai akwatin. Yana leƙa saitin imel ya ga ko an dasa wata ɓoyayyar ƙa'ida mai tura kwafin saƙonni waje. Yana roƙon sashen kuɗi kada su biya sabon asusu sai sun kira tsohuwar lambar da suka sani. Wahalar tana wajen manya. Oga ne zai ce lambar nan tana ɓata masa lokaci, ko ya ba sakatare kalmar sirrinsa a rubuce. Sai an iya baki: "Ranka ya daɗe, akwatinka suka fi nema, don sa hannunka ne ke fitar da kuɗi." Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba shi ƙarin hujja, tunda ta wajabta sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta cutar da su.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mutumin nan yana iya buɗe imel ɗin kowa, ya ga albashin kowa, ya san wanda za a sallama kafin shi ya sani, tunda shi za a umarta ya rufe masa akwati. A ganina wanda ya riƙe wannan amana shekara da shekaru bai taɓa leƙawa ba ya cancanci fiye da abin da ake biyansa.

Samun kuɗin iri biyu ne. Wani ma'aikaci ne mai albashi. Wani kuma mai zaman kansa ne, yana kula da ofisoshi da yawa bisa yarjejeniyar wata-wata, idan sabon gini ne ya yi ciniki a kan kowace mahaɗar kebul da ya kafa, ya ɗan samu riba a kayan da ya sayo. Kayan kuwa da dala ake shigo da su. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin rauta da batir da lasisin imel suka bi ta, a Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Ladan injiniya bai tashi haka ba. Yakan sayo kaya da kuɗinsa ya yi ta zarya kafin a biya shi, a kira shi da tsakar dare ko ranar Sallah. Idan kuma komai na tafiya lami lafiya wata da watanni, wanda hakan shi ne shaidar ƙwarewarsa, sai a fara tambayar me yake yi ne a ɗakin nan.

Masu shigowa sana'ar wasu daga kwalejin kimiyya da fasaha suke, sun fara da zaman koyon aiki a wata ma'aikata. Wasu kuma yaran shago ne da suka fara da riƙe tsani da jan kebul a silin. Mai son ci gaba yana tara kuɗin jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, wadda ita ma da dala ake biya. Waɗanda suka ci sukan koma bankuna da kamfanonin sadarwa, ko su samu aikin wani kamfani na ƙetare suna yi daga gida, su bar ofishin a hannun yaron da suka koya wa jera launuka.