Rihlar Ɗaliban Ilmin Tijara Zuwa Ƙasashen Ƙetare

Daga cikin al'adun da manyan makarantun ilmin tijara suka ɗauka a wannan zamani, musamman game da ɗaliban da suka riga suka sami digirin farko suka dawo neman na biyu, wanda ake kira MBA, akwai wadda ta cancanci a tsaya a yi bahasinta, wato kwasar ɗalibai a kai su wata ƙasa na mako guda ko biyu, su shiga masana'antu da bankuna da kasuwanni, su gana da masu tafiyar da su, sa'an nan su komo su bayyana abin da suka fahimta. Makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard a Amurka, wadda aka kafa a 1908, ta wajabta wannan tafiya tun 2011 a kan ɗalibanta na shekarar farko, su kimanin 900. Ta Stanford kuwa ta sanya samun gogewa a wata ƙasa cikin sharuɗɗan kammala karatu.

Ga Musulmi, rihla domin neman ilmi ba baƙon al'amari ba ne, tun da ya tabbata cewa Sahabi Jabir ibn Abdullah, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham saboda hadisi ɗaya. Amma misalin da malaman tijara suka fi kafa hujja da shi na Eiji Toyoda ne, mutumin Japan, wanda a 1950 ya ziyarci masana'antar Ford ta River Rouge kusa da Detroit, a lokacin da take fitar da dubban motoci kowace rana, alhali kamfaninsu na Toyota bai wuce jinjiri ba. Abin lura a nan shi ne, bayan ya ƙare wa wurin kallo, bai koma gida da niyyar taƙlidi ba, domin ya gane cewa kasuwar Japan ƙarama ce, jari kuma ya yi ƙaranci bayan yaƙi, saboda haka tara kaya jibgi a rumbu irin na Amurkawa ba zai zama maslaha gare su ba. Shi da abokin aikinsa Taiichi Ohno suka gina wani tsari dabam, na yin abu daidai buƙata a daidai lokacin buƙata.

Yau kuma ɗaliban Amurka da Turai su ne ke zuwa Japan kallon wannan tsari. Ɗalibi ya karanta a littafi cewa ƙaramin ma'aikaci yana da ikon tsayar da aiki in ya ga aibi. Amma sai ya tsaya a kan dandamalin baƙi a masana'antar Toyota, ya ga mutum ya miƙa hannu ya ja igiya ko ya danna maɓalli, fitila ta kama a kan allo, shugaban rukuni ya taho da hanzari don ya taimaka, ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya harari wani, sa'an nan zai fahimci cewa sirrin yana cikin amanar da ke tsakanin babba da ƙarami, wadda ba a sayo ta tare da inji.

To, sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya, ba kowace tafiya ce rihla ba. Kamfanin da ya san baƙi na tafe yakan yi abin da maigida ke yi, ya share zaure, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, cikin gida kuwa ba mai leƙawa; sai ɗalibai su sauka daga mota mai sanyi, su saurari jawabin da aka riga aka tsara, su ɗauki hotuna, su koma otal, kuma mafi muni, su dawo suna yanke hukunci a kan al'umma mai mutane miliyoyi bisa ganin kwana bakwai. A ganina abin da ke raba yawon buɗe ido da neman ilmi shi ne a ɗora wa ɗalibi mas'ala tun kafin ya tashi. Haka Harvard ta yi: tana raba su ƙananan ƙungiyoyi, ta haɗa kowace da wani kamfani na ƙasar da za a je, su shiga unguwanni da shaguna suna tambayar masu saye, da tafinta in ta kama, daga ƙarshe su gabatar da shawara a gaban shugabannin kamfanin, waɗanda suka fi su sanin kasuwarsu, ba kuwa za su ji nauyin nuna musu kuskure ba.

Akwai kuma batun guzuri, domin inda tafiyar ta zama ta ganin dama, mai hali ne ke zuwa; ɗalibi mai fasfon Nijeriya ko Nijar kuwa sau da yawa yakan sha ɗawainiyar biza wadda abokinsa Bature bai san da ita ba.

Wa ila yau, alƙiblar tafiyar ta sauya. Ana zuwa Shenzhen ta ƙasar Sin, wadda aka mayar yankin tattalin arziki na musamman a 1980, don ganin kasuwar kayan lantarki ta Huaqiangbei. Ana zuwa Nairobi don nazarin M-Pesa, wadda kamfanin Safaricom ya fara a 2007, a ga yadda mai ɗan ƙaramin shago a bakin hanya yake karɓar kuɗi yana biyan kuɗi ta waya ga mutanen da ba su taɓa shiga banki ba. Makarantar kasuwanci ta CEIBS ta birnin Shanghai ma har reshe ta buɗe a Akkara ta ƙasar Ghana, inda manajoji daga ƙasashen Afirka ke karatu.