'Yan Rakiyar Histon a Cikin Yis ɗin Burodi

A filin kimiyya na wannan mako mun leƙa cikin yis, wannan dai da mai burodi ke zubawa a kwaɓi. Halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, kuma tun 1996 masana suka gama karanta kundin gadonta, ƙwayoyin gado kusan 6,000.

Zaren DNA dogo ne ƙwarai, ba ya shiga cibiyar ƙwayar halitta sai an naɗe shi a jikin wasu sunadarai da ake kira histon, kamar yadda ake naɗe zare a mazari. To amma histon akwai shi da ɗanko. In aka bar shi sakaka, sai ya manne inda bai kamata ba, zaren ya cukurkuɗe. Shi ya sa yake da 'yan rakiya, wato wasu sunadarai da ke riƙe shi har su kai shi mazauninsa, kamar dai rakiyar amarya. A yis, uku daga cikinsu sun fi shahara: CAF-1 mai aiki lokacin da ake kwafar DNA, HIR mai aiki ko ba a kwafa, sai Asf1 da ke miƙa musu histon ɗin.

Ga inda abin ya ɗaure kai. Da masana suka cire CAF-1, yis bai mutu ba, ya ci gaba da hayayyafa, illa dai hasken ultrabayolet ya fi yi masa lahani. Da aka cire HIR, shi ma kusan haka. Mai gaggawa sai ya ce ai ba su da wani amfani. A 1998 Paul Kaufman da Mary Ann Osley da abokan aikinsu a Amurka suka cire biyun a tare, sai girman yis ya tsuke, wasu ƙwayoyin gado da ya kamata su zauna a kulle kuma suka buɗe. Ashe in ɗaya ba ya nan, ɗayan ne ke rufa masa asiri.

Akasin haka ma yana da ma'ana. Wajen kulle waɗannan ƙwayoyin gado, cire Asf1 da HIR tare bai ƙara ɓarna sosai ba a kan cire ɗaya, alamar hanyarsu guda ce. Wanda ya toshe hanya a wuri biyu, ai hanya ɗaya ya toshe.

Wani zai ce, ina ruwan mara lafiya da yis? Wannan dabara ta toshe hanya ta biyu ita ce tushen maganin olaparib, da aka amince da shi a 2014 don wani nau'in sankarar ƙwan mace. Ƙwayar sankarar ta riga ta rasa hanya ɗaya ta gyaran DNA saboda lalacewar BRCA. Maganin sai ya toshe wadda take dogaro da ita, ta mutu, lafiyayyar ƙwaya kuwa tana da sauran mafita.