Tsattsewa da Ganyen Giginya

Da la'asar sakaliya, bayan ruwan farko ya ɗauke, idan ka tsaya a wani lambu a gefen Zariya inda giginya ta yi tsayi, ɗaga kanka sama. Gina ta fito daga suri, tsattsewa kuma ta taru a kanta. Fikafikanta sirara ne, lanƙwasassu kamar lauje. Ta kaɗa su sau uku ko huɗu, ta sake su, ta karkata, kafin ka ƙifta ido ta zagaye bishiyar ta dawo. Na sha tsayawa ina jiran in ga guda ta sauka a reshe ta huta. Har magariba ta yi ban gani ba.

Ba za ta sauka ba, don ƙafarta ba ta tsayuwa ba ce. Gajeruwa ce ƙwarai, faratan kawai ke da ƙarfin maƙale bango ko ganye. Shi ya sa masana suka raɗa wa danginta sunan Girkanci mai ma'anar "marar ƙafa". A iska take cin ƙwari, a guje take shan ruwa, ta ɗan shafi saman kududdufi da baki ta wuce.

A 2016 masana daga Jami'ar Lund ta Suwidin suka bayyana abin da suka gano bayan sun ɗaura wa tsattsewar Turai ƙananan na'urori. Wannan tsuntsuwa, wadda nauyinta bai wuce giram 40 da ɗoriya ba, tana iya yin wata goma a sama, daga barinta Turai zuwa Afirka har komawarta. Wasu ba su sauka ko sau ɗaya ba. Da asuba da almuru takan haura kilomita biyu zuwa uku, sannan ta riƙa gangarowa a hankali.

Amma ni wadda ta fi ba ni mamaki ita ce tamu ta gida, siririyar nan mai launin toka da doguwar jela, wadda ba ta rabuwa da giginya da goruba. Sheƙarta ɗan gashin tsuntsu ne da audugar tsiro, ta manna su da yawunta a ƙasan ganyen da ya rataya. Ganyen kuwa kullum iska na kaɗa shi, don haka ƙwan ma, galibi biyu, da yawu take liƙe su. A tsaye take kwanci, maƙale da faratanta, ganye na lilo da ita.

Wannan ganye shi ne kaɗai abin da ya haɗa ta da ƙasa. Giginya kuwa takan shafe shekaru masu yawa kafin ta yi tsayin da tsattsewa ke so, amma a wuni guda ake kayar da ita a tsaga azara. Lambun da na saba tsayawa a ciki giginya biyar ne a da. Bana saura biyu, kuma a kansu duk tsattsewar unguwar ke cunkushewa da yamma.