Wasiƙun Ɗan Sojan Sama Zuwa ga Mahaifiyarsa

A watan Nuwamba na 1939, wata biyu da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, wani saurayi ɗan shekara 23 ya ajiye aikinsa a kamfanin mai na Shell da ke Darussalam. Ya tuƙa motarsa tafiyar mil 600 zuwa Nairobi don shiga rundunar sojan saman Birtaniya. Sunansa Roald Dahl. Daga baya duniya ta san shi da littattafan yara irin su Matilda, amma a lokacin mai karanta rubutunsa mutum ɗaya ce, mahaifiyarsa Sofie Magdalene, can a Ingila.

Sabon nan na rubutu ya daɗe a tsakaninsu. Mahaifinsa ya rasu a 1920 yana ɗan shekara uku, makonni kaɗan bayan rasuwar yayarsa Astri, aka bar uwar da ɗawainiyar gida. Da aka kai shi makarantar kwana a 1925, doka ce kowane yaro ya rubuta wasiƙa gida ranar Lahadi, shugaban makaranta yana zagayawa yana leƙa abin da ake rubutawa. Wa zai ambaci bulala ko kewar gida a gaban mai bulalar? Tun daga nan yaron ya koyi zaɓen abin da zai faɗa wa uwa. Wannan hali ya bi shi har filin yaƙi.

A Nairobi su 16 ne suka fara koyon tuƙi tare, da ƙaramin jirgin nan mai fukafukai biyu sama da ƙasa, Tiger Moth, wanda mazauninsa a buɗe yake. Dahl zanƙalele ne, tsawonsa ƙafa shida da inci shida. Idan ya zauna kansa yana zarce gilashin kariya, iska ta yi ta marinsa, sai ya riƙa sunkuyawa kafin ya ja numfashi. Duk da haka, bayan sa'a bakwai da minti 40 kacal a sama tare da malami, aka bar shi ya tashi shi kaɗai. Wasiƙunsa na wannan lokaci cike suke da murna. Saurayi ne ya samu jirgi, namun dawan Kenya suna kiwo a ƙarƙashinsa, yana son uwarsa ta gani da idonsa.

Daga nan aka tura su Habbaniya a Iraƙi, mil 50 yamma da Bagadaza. Wata shida suka yi a can cikin zafi da ƙura, suna koyon harbi da jefa bom da jirgin Hawker Hart. Wasiƙar soja sai ta bi ta hannun mai tacewa, ba a yarda a faɗi wani abu da maƙiyi zai amfana da shi ba. Kuma da Italiya ta shiga yaƙin a ranar 10 ga Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta toshe, saƙo ya koma yin makonni a hanya. Kafin uwa ta karanta cewa ɗanta yana lafiya, labarin ya riga ya tsufa.

Tsoron kuma ta ɓangare biyu yake. Gidansu yana Bexley, gefen Landan, kan hanyar jiragen Jamus. Shi da ke koyon sana'a mai hatsari ya fi damuwa da su fiye da kansa. Bom kuwa bai bar gidan ba, dole iyalin suka koma ƙauye a Buckinghamshire.

Ranar 19 ga Satumba, 1940, aka ba shi jirgin Gladiator ya kai wa rundunarsa ta 80 a hamadar yammacin Masar. Kwatancen da aka yi masa ba daidai ba ne. Ya yi ta shawagi bai ga sansani ba, mai ya kusa ƙarewa, rana tana faɗuwa. Ya gwada sauka a kan rairayi, tayoyin suka daki dutse. Ƙoƙon kansa ya tsage, hancinsa ya rotse, ganinsa ya ɗauke na wani lokaci. Da jan ciki ya bar jirgin yana ci da wuta. Ko harbi ɗaya bai yi a yaƙi ba tukuna. Watanni ya kwanta a asibitin Iskandariya, sai a watan Nuwamba ya iya rubuta wa uwar cikakken bayani.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne lissafin da ya yi a littafinsa Going Solo na 1986: daga cikin su 16 na Nairobi, 13 sun mutu cikin shekara biyu. Gidaje goma sha uku ke nan da wasiƙa ta daina zuwa. Shi ya warke, ya yi yaƙi a sararin Girka a Afrilun 1941, sannan ciwon kai mai tsanani ya sa aka dawo da shi gida.

Sofie Magdalene ta rasu a 1967, lokacin yana kwance a asibiti bayan tiyatar ƙashin baya. Da ya koma gida aka miƙa masa abin da ta bari: wasiƙunsa sama da 600, an ɗaure su ƙulli-ƙulli da koren zare, kowace a cikin ambulan ɗinta da tsohon kan sarki. Sun tsira daga bom da ƙaura, kuma ba ta taɓa gaya masa tana ajiye su ba. A 2016, shekara ɗari da haihuwarsa, aka zaɓi wasu daga ciki aka buga su littafi.